Ungozomar Kuɓewa

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai: caka-caka ɗin irin kuɓewa a cikin tsohon gwangwanin madara. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ta daga ɗakina. Ƙanwata Balkisu ce ta ɗauko gwangwanin daga saman kabad tana girgiza shi a gefen kunnenta kamar yarinya ta samu abin wasa. Ta leƙo ta ce, "Yaya, wanga guro na Inna na?" (mu nan yankin Anka guro muke ce wa kuɓewa). Na ce shi ne, tun rasuwar mahaifiyarmu ban bari ya yanke ba, duk shekara sai na bar wasu sun bushe a kara na fashe su na adana. Ta ce in ɗiba mata tafi ɗaya. Na ɗiba mata biyu, ban ma tambayi abin da za ta yi da shi ba.

Balkisu ita ce autarmu, ni na ƙarasa renonta. A lokacin tana karatun digiri na biyu a jami'a, fannin tsirrai. Ni kuwa a sakandare na tsaya, amma ni ce ta ɗaya a darasin kimiyya a ajinmu, kuma shekara ashirin ke nan ban bar kowa ya manta da hakan ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne igiyar da na ɗaure kaina da ita.

Bayan wata biyu, gab da faɗuwar damina, ta dawo da ambulan huɗu, kowanne da rubutu a bayansa. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce a jami'arsu akwai wani ɗaki mai kaurin bango inda ake ajiye abin da ke fitar da niyutiron. Kafin ta ƙarasa na tare ta na jero mata furoton da niyutiron da ilektiron kamar mai biya hadda, don ta san yayarta ba ta bar boko a ƙofar makaranta ba. Ta yi dariya ta ce haka ne, su ne dai ƙananan abubuwan nan da ido ba ya gani. Ta ce in aka saki niyutiron a kan abu, ratsa shi yake yi ya taɓa can cikinsa. Wasu abokan karatunta ƙarfe da siminti da roba suke sakawa don su ga yadda suke tsufa su yi rauni. Ita kuma iri ta sa. Ambulan na farko ba a taɓa shi ba, na biyu ya yi awa biyu a ɗakin, na uku awa shida, na huɗu awa goma sha biyu. Tana son ganin abin da hakan zai yi wa tsiro: wanne zai fito, wanne zai ƙi, wanne zai karkace, wataƙila kuma a dace da wanda zai fi uwarsa saurin haihuwa.

Da ta ce ido ba ya gani sai na tuna baya. Mu a nan mun san abin da ido ba ya gani. A shekarar gubar dalma, lokacin da maza ke kawo duwatsun zinariya gida ana daka su a turmin da muke daka hatsi, ƙurar ce ta shiga ƙasar tsakar gidajenmu, ta shiga bakin yaranmu. Ɗana na fari, Mu'azu, yana da shekara biyu ya fara sanƙarewa, kwana huɗu ya koma ga Mai shi. Daga baya masu aikin lafiya suka zo suka kankare ƙasar gidanmu kaf, suka zuba a buhuna suka binne a bayan gari, suka kawo mana wata sabuwa, ja, marar albarka, ko rama da kyar take fita a cikinta. Don haka na tambayi Balkisu kai tsaye ko abin nan zai taɓa Shafa'atu, 'yar da Allah Ya ba ni bayan shekaru na jira. Ta rantse mini cewa niyutiron ba ya biyo iri gida, ya yi aikinsa ya wuce, kuma sai da aka auna ambulan ɗin da na'ura kafin a bar ta ta fita da su. Na yarda, don Balkisu ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. (Ina ma a ce ita ma za ta iya faɗin haka a kaina.)

A bayan ɗakina muka yi fili, don jar ƙasar nan take so ta gwada. Ta ce in aka samu kuɓewar da ta jure mata, gidaje da yawa za su amfana. Maigidana ya kewaye wurin da zana saboda awaki. Layi huɗu, kowanne rami ashirin, kowane rami ƙwaya ɗaya, ta kafa sanda a bakin kowane layi da marfin gwangwani mai lamba. Sannan ta gindaya mini sharuɗa, ta maimaita har sau uku: duk abin da na yi wa layi ɗaya in yi wa sauran daidai, kada in ƙara komai, kada in rage, wanda ya mutu in bar shi a mace in faɗa mata ranar. Ta ce ta yi wata da watanni tana jiran layi kafin a ba ta ɗakin nan, damina kuma ɗaya ce a shekara. In wannan shuka ta lalace, shekararta ta lalace, ga shi wata kwaleji ta yi mata alkawarin aikin koyarwa muddin ta kawo takarda kafin ƙarshen shekara. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ba jahila ta bar wa ba.

Ta koma makaranta da niyyar dawowa bayan mako guda. Ruwa ya ɓalle, gulbi ya cinye hanya, ta yi kusan sati huɗu ba ta samu zuwa ba, sai waya.

Layi na farko ya fito reras kamar 'yan makaranta a fareti. Na biyu ma haka, in ban da rami ɗaya ko biyu. Na uku ya ɗan yi giɓi. Na huɗu kuwa, Allah sarki. Ramuka shida kawai suka tsiro, sauran shiru. Waɗanda suka fito ɗin ma gajeru, ganyensu fari-fari, a murɗe. Akwai ɗaya a tsakiya da ganyensa biyu suka dunƙule suka ƙi buɗewa. Na tsuguna a kansa da safe ina kallo, sai na ga hannun Mu'azu a ranar da ya fara ciwo, yatsu a damƙe, ina buɗewa suna komawa. Kwana uku ina zuwa ina tsuguna masa. A rana ta huɗu na tarar ya kwanta.

Ni 'yar manoma ce. A gidanmu in shuka ta yi giɓi, ana komawa a cike gurbi, wanda ya bar ramuka fayau a gonarsa kuwa sunansa malalaci, har gori ake yi wa matarsa a bakin rijiya. Na gaya wa kaina abubuwa da yawa. Na ce ai iri ɗaya ne, daga gwangwani ɗaya suka fito, 'yan uwan juna ne. Na ce yarinyar nan ta sha wahala, in ta zo ta ga layin da ya fi daɗewa a ɗakin bincike ya zama kufai, zuciyarta za ta karye. Na ce wane malami ne zai ba da takarda a kan ramuka? Bayan sallar la'asar, maigida yana gona, na ɗauko gwangwanin. Caka-caka. Na yi bisimilla (wallahi har bisimilla na yi) na cike kowane gurbi a layi na huɗu.

Da Balkisu ta kira bayan kwana biyar, na ce mata layi na huɗu ya fara fitowa, a makare dai. Ban yi ƙarya ba a ganina, ai a makare ya fito. Ta yi murna ta ce haka littattafai suka nuna, irin da ya daɗe yana shan niyutiron yakan yi nauyin tashi. Na ce ikon Allah.

Wanda ya saci kaza ba ya jin nauyin satar ƙwai. Tunda sababbin sun zo a baya, sai na ga ya kamata a taimaka musu su kamo 'yan uwansu. Na riƙa kwaso kashin awaki ina murjewa ina tura musu a gindi, in rufe da jar ƙasa. Ruwan tsarin gero, nasu ne. In an yi kwana biyu ba ruwan sama, su nake fara bi da buta. Har magana nake yi musu. Shafa'atu, tana da shekara bakwai a lokacin, ta tambaye ni me ya sa nake son 'yan layi na huɗu fiye da sauran, na ce don marayu ne.

Ranar da hanya ta buɗe Balkisu ta zo da ma'auninta, ta tsaya a bakin zana ta kasa shiga. Layi na huɗu ya kamo na farko, bayan wata guda kuma ya wuce shi, ganye shar, kara kamar na dawa, shi ya fi kowa fure. Duk Asabar tana zuwa tana aunawa tana rubutawa, tana ɗaukar hoto tana tura wa malaminta. Wata rana ta rungume ni a gaban murhu ta ce ba ta taɓa karanta irin wannan ba, wataƙila ta gano abin da ba a sani ba. Sau biyu maganar ta zo mini har maƙoshi. Sau biyu na dubi fuskarta na haɗiye. Kuma in faɗi gaskiya, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, akwai wani ɓangare na zuciyata da ke jin daɗi, yana cewa su da na'urarsu, ni da kashin awakina, ga wanda ya iya.

Sai malamin nata ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Na share gida har sau biyu, na dama fura, na yanka zakara, na sa atamfar da nake ajiye wa biki. Matan unguwa suka ji ana cewa likitan tsirrai zai zo daga jami'a, suka cika tsakar gida, a gaba akwai maƙwabciyata Tumba, wadda in ta ga abu da safe, kafin azahar an ji shi a Gummi. Dakta ɗin dattijo ne mai furfura, mai sanyin magana, ya gaisa da maigida, ya nemi izinin shiga, ya cire takalmi a bakin zana kamar zai shiga masallaci. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu ya daɗe. Ya ce shekarunsa da yawa a wannan aiki bai taɓa ganin awa goma sha biyu ta bar rami ashirin duka a raye ba, balle su fi na farko. Ya ce in abin ya tabbata, za a rubuta shi, za a san sunan Balkisu, wataƙila ma a raba irin a duk garuruwan da aka sake wa ƙasa. Ya tambayi wanda ya kula da wurin. Balkisu ta nuno ni ta ce yayarta ce, ta yi boko, kuma ta fi amincewa da ita fiye da kowa a duniya.

Mata suka yi ta gyaɗa kai. Na ji kaina ya yi girma har ɗankwali ya matse ni. Dakta ya juyo da ladabi ya ce, ko Hajiya ta lura da wani abu na daban game da wannan layi?

An ce baki shi ke yanka wuya. Da na ce a'a, da na sunkuyar da kai kamar yadda matan kirki ke yi a gaban baƙo, da wataƙila abin ya ƙara nisa kafin ya fashe. Amma an yabi niyutiron, an yabi Balkisu, an yabi irin Inna, ni da na yi dawainiya za a bar ni da riƙon buta? Na gyara mayafi na ce, "Ai Dakta wanga layi da kaka gani, reno ya sha. Ba don taki da nis sa mishi ba, da ba haka ba."

Ya ce taki? Na ce na awaki, murjajje. Ya ce a duka layukan? Na ce a'a, su sauran ai lafiyarsu lau, me za su yi da shi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ni kuma, maimakon in lura cewa Balkisu ta daina rubutu, sai na ɗauka bayanina ne ya burge shi. Ya tambaya a hankali ko duk ramukan sun tsiro tun farko. Na ce ina, shida kacal, su ma wasu suka mutu, sai na cike gurbin, wa ke barin gurbi a gona? Ya ce da wane iri?

A nan ne ya kamata ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba. Da ƙafata na shiga ɗaki, da hannuna na ɗauko gwangwanin, na fito ina girgiza shi a gaban jama'a, ina murmushi. Caka-caka, caka-caka. Na ce ga shi, na Innarmu ne, iri ɗaya ne da nata.

Balkisu ta zauna a ƙasa, a kan jar ƙasar nan, da farin hijabinta. Sai a lokacin murmushin ya bushe mini a fuska, ban san inda zan ajiye shi ba, ban san inda zan ajiye gwangwanin ba.

Dakta bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni ko zan iya nuna waɗanda suka tsira daga shukar farko. Na bi layin da ido, na koma, na sake bi. Na rene su har sun zama ɗaya, ban iya rantsuwa a kan ko guda ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Hajiya, waɗanda suka mutu su ne amsar da muka zo nema. Ramin da ya ƙi tsirowa magana yake yi mana, ke kuma kin toshe masa baki." Ya ce ba tare da layi na huɗu ba, aikin bai kai a tsaya da shi gaban malamai ba, sai a sake daga farko. Ya sha fura don kada in ji kunya, bai taɓa zakaran ba.

Bayan motarsa ta tashi na bi Balkisu ɗaki ina ba ta haƙuri, ina cewa tausayi ne. Tana ninke kayanta ba ta dube ni ba. Sai da ta rufe jaka ta ce, "Yaya, kin tuna shekarar dalma, da maza sunka riƙa ɓoye yaran da ka mutuwa don kada a hana su haƙar zinariya? Ke ce kullum kike cewa da an faɗi gaskiya da wuri, da likita ya iske Mu'azu da rai." Shekaru ina ɗauke da haushin mutanen nan a zuciyata, ina kai ƙararsu a sujada, ashe ni ma in aka ba ni ramuka ashirin da gwangwani, abin da zan yi ke nan.

Abokan karatunta suka gama suka sa hular digiri. Kwalejin ta ɗauki wani. Ta sake bin layin ɗakin bincike, da damina ta zagayo ta shuka a filin wata makaranta a Bukkuyum, cikin shingen waya mai kwaɗo, mabuɗin yana jakarta. Ba ta yi gaba da ni ba, ta fi ƙarfin haka. Tana zuwa da salla, tana gaishe ni har ƙasa, tana kawo wa Shafa'atu takalmi. Amma in na tambayi karatu sai ta ce, "Lafiya lau, Yaya," ta tambayi awaki. Yarinyar da a da take kirana ta gaya mini ko ganye ɗaya ne ya karkace.

Kuɓewar kuwa, Dakta ya ce ba abin da za ta yi wa mai ci, sai muka cinye ta. Layi na huɗu ya yi ta haihuwa kamar da gayya, ɗanya da busasshiya muka sha har bazara. Maigida in an ajiye masa tuwo sai ya ce a miƙo masa miyar digiri. Tumba kuma ta raɗa mini suna, ya bi ni har gidan biki da gidan suna: Ungozomar Guro. Ko kwanan nan da kazar wata ta ƙyanƙyashe ƙwai rabi ya lalace, sai da aka aiko yarinya ta ce wai in zo in cike gurbi.

Abin da na koya, in har na koya, shi ne akwai tausayin da ba na wanda ake tausaya wa ba ne, na mai yin sa ne, don idonsa ya huta da kallon abin da ba ya so. Yanzu in aka ba ni amana aka ce in bari, ina barin ta, hannuwana a bayana kamar mai laifi a gaban hedimasta. Garin gyaran gira na tsone wa ƙanwata ido, kuma da bisimilla na fara.

Gwangwanin yana nan a saman kabad, ban iya zubar da irin Inna ba. Bana da ruwa ya sauka na ɗauko shi zan shuka tawa kuɓewar ta miya, Shafa'atu tana bina tana rufe ramuka da diddige. Ta san labarin kaf, a gabanta aka yi, kuma ta san sunan yayanta da ba ta taɓa gani ba, don kullum yana cikin addu'ata. Mun kai tsakiyar layi sai ta tsaya, ta dubi gwangwanin, ta dube ni, ba da wasa ba, ba kuma da fushi ba, ta ce:

"Inna, da Mu'azu ya rasu, ni ce kinka shuka a gurbinshi?"